Cin abincin alfarma a Holan: ka fara duba wata kafin ka zaɓi gidan abinci

Yawancinmu mun san Holan ne ta hanyar atamfa da madarar gwangwani da 'yan ƙwallo. Abincinsu kuwa ba wanda ya taɓa ba mu labarinsa, kuma su kansu 'yan ƙasar in ka tambaye su sai su yi dariya su ce ai burodi da cuku ne da rana, dankali da yamma. Haka ni ma na ɗauka a zuwana na farko, na yi mako biyu ina zagaye tsakanin gidajen abincin Turkawa da na 'yan Indunusiya. Sai daga baya na gane inda na yi kuskure. Ina neman gida mai suna ne, alhali a ƙasar nan wata ne yake yanke abin da za a dafa. Kukun da ya san aikinsa ba zai sa maka abincin Mayu a Nuwamba ba, kamar yadda ba za ka je kasuwa da tsakiyar hunturu kana cigiyar ɗanyar masara ba.

Ga yadda nake shirya irin wannan fitar yanzu, da yadda nake shirya wa baƙin da suka zo.

Mataki na farko: wane wata za ka kasance a can?

A nan zan fi daɗewa, don sauran matakan duk a kansa suka rataya.

Daga tsakiyar Afrilu zuwa 24 ga Yuni, lokacin farin asperges ne. Wani tsiro ne mai kamar kara, kaurinsa ya kai babban yatsa, ana nomansa a ƙasa mai yashi ta lardunan Limburg da Brabant a kudu. Fari yake fitowa saboda ana tula masa ƙasa kamar kunyar rogo, rana ba ta ganinsa, kuma da hannu ake yanko shi ɗaya bayan ɗaya kafin kansa ya leƙo waje. Shi ya sa yake da tsada har suke ce masa farar zinariya. Ranar 24 ga Yuni ake ajiye wuƙa, a bar tsiron ya huta ya tara ƙarfin baɗi. In aka dafa shi daidai, laushinsa ya fi na dafaffen kabewa, da ɗan ɗaci-ɗaci a can ƙarshen harshe. A al'adance ana kawo shi da narkakken bota, dafaffen ƙwai, ƙananan dankali, da yankan naman alade. Wannan na ƙarshen ka riƙe shi a ranka, za mu dawo kansa.

A wannan tsakanin ne kuma naman 'yan raguna na tsibirin Texel yake shigowa, waɗanda suke kiwo a ciyawar da iskar teku ke bugawa. Haka ma babban jatan landen nan mai almakashi na ruwan Oosterschelde a lardin Zeeland, wanda ake kamawa daga wajajen farkon Afrilu zuwa 15 ga Yuli kawai. Sai cukun da suke kira graskaas, na madarar farko bayan an saki shanu cikin sabuwar ciyawa.

Yuni na kifi ne. Hollandse Nieuwe suke ce masa, sabon kifin haring na shekara, wanda sai kitsensa ya kai kashi 16 cikin 100 kafin ya cancanci sunan. Ba a dafa shi. Ana cire masa hanji, a bar wani ɗan sashe na cikin da ke nunar da naman, a zuba gishiri, a daskarar da shi don kashe tsutsa, shi ke nan. Gangar farko gwanjonta ake yi a Scheveningen, bakin tekun birnin Den Haag, kuɗin kuma a ba da shi sadaka. A rumfar bakin titi za ka ga mutum ya kama wutsiyar kifin, ya dangwala shi a yankakkiyar albasa, ya ɗaga kai sama ya zura. A Amstadam an fi yanka shi gutsi-gutsi a soka masa tsinke mai tuta. Manyan gidaje sukan kawo shi a faranti na farko da gwoza ja ko tuffa. Shawarata ka fara ɗanɗana shi a rumfa da 'yan Yuro kaɗan, in bai karɓe ka ba ka san abin da za ka ce a cire maka da daddare. Ni sai a karo na uku ya shiga.

Daga Yuli mossel ke shigowa, wata halittar teku mai baƙin ɓawo biyu, cibiyar cinikinta garin Yerseke. A baƙar tukunya ake kawo ta tana tururi, da soyayyen dankali a gefe. Wadda ba ta buɗe baki ba bayan dahuwa, ba a ci. Ga mu mabiya mazhabar Malikiyya abincin teku duk halal ne, amma ruwan da ake dafa mossel sau da yawa akwai farar giya a ciki, sai ka tambaya. A watannin nan za ka riƙa ganin wani koren ganye mai gaɓa-gaɓa a gefen kifi, zeekraal, a bakin teku yake fitowa da gishirinsa. Kuma in ka ga an rubuta Opperdoezer Ronde, dankali ne na ƙauyen Opperdoes da kewayensa kaɗai, mai siririn ɓawo, ba ya jimirin ajiya.

Tsakiyar Oktoba ake buɗe farautar zomo da wasu tsuntsaye, sai takardun abinci su cika da naman daji har ƙarshen shekara: barewa, agwagwar daji, zomo, da aladen daji na yankin Veluwe. Ga wanda ke kiyaye yanka, wannan ne lokaci mafi wahala. Da sanyi ya kankama sai abincin gida ya karɓi fili: stamppot, wato dankalin da aka tuƙa da ganye, da miyar wake mai kauri da suke kira snert, wadda suke cewa ba ta yi ba sai cokali ya tsaya a cikinta. Dukansu biyun da tsiren alade mai hayaƙi ake haɗa su. Akwai ɗan'uwansu hutspot, na dankali da karas da albasa, wanda mutanen Leiden ke ci kowace ranar 3 ga Oktoba don tuna ranar da sojojin Sipaniya suka janye daga ƙawanyar da suka yi wa garin a 1574. Da naman sa aka saba cinsa.

In zaɓi a hannunka yake, ka zo tsakanin tsakiyar Mayu da ƙarshen Yuni. Kifi da kayan lambu sun fi yawa, ga hasken rana har dare.

Mataki na biyu: zaɓen gida

Gidaje iri biyu ne, kuma ba kullum suke haɗuwa a wuri ɗaya ba: wanda gininsa ne abin kallo, da wanda kicin ɗinsa ne abin zuwa. Na taɓa biyan kuɗi mai kauri a wani tsohon gida da ba zan faɗi sunansa ba, katakon rufinsa ya girmi kakan kakana, amma kifin da aka kawo mini ya bushe kamar an manta shi a rana. Tsufan bango ba ya dafa miya. Saboda haka ka yanke tun farko, tarihi kake so ka zauna a ciki ko hannun kuku.

A Amstadam, a titin Spuistraat, akwai d'Vijff Vlieghen, ma'anarsa Ƙudaje Biyar. Gidaje biyar ne na ƙarni na 17 aka fasa bangonsu aka haɗe, wani mai suna Nicolaas Kroese ya buɗe wurin a 1939. Ɗaki-ɗaki ne, hawa da sauka, a ɗayan akwai zane-zanen asali na Rembrandt, shahararren mai zanen ƙasar, a bango, kujeru kuma ɗauke da ƙananan allunan tagulla masu sunayen manyan baƙin da suka taɓa zama a kai. Kusa da babbar tashar jirgin ƙasa akwai De Silveren Spiegel, a ginin 1614, daɓensa ya karkace saboda tsufa. A dandalin Nieuwmarkt kuma akwai In de Waag, wanda aka gina a 1488 a matsayin ƙofar gari, daga baya ya koma wurin awon kaya. A samansa ƙungiyar likitocin fiɗa take da zama, su ne suka sa Rembrandt ya yi musu shahararren zanen nan na darasin fiɗa a 1632. Ba lallai ka tuna wannan kana cikin yanka nama ba.

In hannun kuku kake bi, biyu zan ambata a birnin. De Kas yana cikin lambun Frankendael, a wani gidan gilashi na renon tsirrai da hukumar birni ta gina a 1926, aka mai da shi gidan abinci a 2001. Abin da aka tsinko a lambunsu shi ake dafawa, kayan lambu ne kan gaba, nama da kifi suna bin baya. A ganina nan ne wuri mafi sauƙi ga Musulmin da ke son ɗanɗana girkin zamani na ƙasar ba tare da fargaba ba. Na biyu Rijks, a harabar gidan tarihi na Rijksmuseum, inda aka ɗora girkin kan kayan da ƙasar ke fitarwa.

Amma kada ka maƙale a Amstadam. Jirgin ƙasa na awa ɗaya da 'yan mintuna zai kai ka Zwolle, garin De Librije. Sunan daga ɗakin karatun wasu masu ibadar Kirista ya samo asali, inda gidan ya fara, yanzu kuma yana cikin tsohon kurkukun mata. Marigayi Jonnie Boer, wanda ya rasu a 2025, da matarsa Thérèse ne suka kai shi ga taurari uku na Michelin, matsayi mafi girma a littafin da ke auna gidajen abinci, a 2004, shekara biyu bayan Cees Helder ya fara kawo wa ƙasar wannan matsayi a Parkheuvel na Rotadam. Boer ya yi suna ne da ɗaukar abin da wasu ke rainawa, kifin tafki da ganyen bakin rafi na yankinsu, ya kai shi teburin manya. A can kudu, gefen Maastricht dab da iyakar Beljiyam, akwai fadar Neercanne ta 1698. A nan Sarauniya Beatrix ta yi wa shugabannin Turai liyafa a Disambar 1991, lokacin taron da ya haifar da yarjejeniyar Maastricht, suka sa hannu a bangon kogon da ke bayan fadar. Yuron da za ka biya kuɗin abincin da shi daga wannan yarjejeniya ya fito. Limburg ne kuma, lardin asperges, in ka zo a Mayu ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Utrecht tana da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa a bakin ruwan Oudegracht, tsofaffin rumbunan 'yan kasuwa da suka koma wuraren cin abinci. Rotadam tana da Hotel New York, tsohuwar hedikwatar kamfanin jiragen ruwan da ya kwashi dubban masu ƙaura zuwa Amurka. Gidajen abinci suna canja hannu, don haka ka leƙa shafin kowanne kafin ka sayi tikiti.

Aljihu fa? A gida mai tauraro, cikakken jerin farantan dare ya wuce Yuro 100 ga mutum ɗaya ban da abin sha, a manyan cikinsu kuma ya ninka haka. Dabaru biyu ne: ka je cin rana maimakon dare, kicin ɗaya ne amma farantan ba su kai yawan na dare ba, ko ka nemi gidajen da Michelin ta ba alamar Bib Gourmand, wato girki mai kyau a farashi mai dama.

Mataki na uku: kama tebur, da wasiƙar da za ta cece ka

Ta intanet ake kama tebur. Ƙananan gidaje mako ɗaya ko biyu ya isa, manya kuwa sai an yi watanni. Da yawa za su nemi lambar katinka ko kafin alƙalami, in ba ka zo ba kuma ba ka sanar ba a cire kuɗi. Gidaje masu yawa ba sa buɗewa Lahadi ko Litinin, wasu har Talata. Ka guji 27 ga Afrilu, ranar bikin Sarki, gari ba ya shiguwa.

A shafin kama teburin akwai gurbin da aka tanada don abin da ba ka ci. Kada ka bar shi fayau da niyyar in ka je ka yi bayani. A irin gidajen nan tun safe ko tun jiya aka dafa romo da miya, da ƙarfe bakwai na yamma ba mai iya zare giya daga tukunya. Dokar Turai ta tilasta musu bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu da rashin lafiya, kamar gyaɗa da ƙwai da madara, amma naman alade ba ya cikin jerin, saboda haka ba za ka gan shi da wata alama ba. Ka rubuta da Ingilishi, kusan kowa yana ji, ka ƙara da Holanci don kada a yi kuskure: geen varkensvlees, ban da naman alade, geen alcohol, ban da barasa, har a cikin miya da kayan zaƙi. Ka ambaci gelatine, abin da ake sa wa abinci don ya kama jiki, da sunansa, domin yawancinsa daga alade ake yi, kuma a cikin kayan zaƙi yake ɓuya.

Na koyi wannan ne da kunya. A wani ƙaramin gida na ce wa mai hidima ba na cin alade, ta ce to. Aka kawo asperges babu yankan naman nan, na ji daɗi. Na kai cokali kan dankali sai na ga wasu ƙananan jajayen gutsattsari an barbaɗa. Na tambaya, ta ce ai spekjes ne, ɗan ɗanɗano kawai. A wajenta wannan ba nama ba ne, kamar yadda mu ba ma lissafa daddawa a cikin abin da aka ci. Tun daga ranar nake haddace kalmomi huɗu: spek, ham, worst, rookworst. Duk inda ka gansu, ka ɗauka alade ne sai in an tabbatar maka da akasin haka.

Batun yankan rago da sa a irin waɗannan gidaje, galibi ba yankan Musulmi ba ne. Hukuncinsa tsakaninka da malaminka. Ni dai nakan ce a yi mini jerin kifi da kayan lambu, ban taɓa tashi da yunwa ba, kuma a ƙasar da ke bakin teku ba asara ka yi ba.

Mataki na huɗu: daren kansa

Mutanen nan da wuri suke cin dare. Ƙarfe shida zuwa bakwai da rabi ake zama, kicin da yawa sun rufe kafin goma. In an ce bakwai, bakwai ake nufi, minti goma sha biyar na latti sai ka buga waya. Ka lissafa sallarka: a Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, don haka cin abincin duka yana faɗawa tsakanin la'asar da magariba, a Disamba kuwa tun huɗu da rabi ta faɗi.

Sutura ba sai kwat ba, tsafta da kintsi sun wadatar. Kaftani da hula ba wanda zai hana ka, sai ma kallon sha'awa. Babbar riga dai ka bar ta a masauki, don matakalar tsofaffin gidajen Amstadam tsaye take kamar tsani, ga ƙunci. In kana tare da dattijo ko mai ciwon gwiwa, ka roƙi tebur a ƙasa tun wajen kama wuri.

Da ka zauna za a tambaye ka abin sha. Ruwan famfo, kraanwater, mai kyau ne ƙwarai, ko da yake wasu gidajen na kwalba suke sayarwa. Za a yi maka tayin giyar da ta dace da kowane faranti. Ka tambayi alcoholvrij arrangement, jerin abin sha marar barasa da ake haɗawa da 'ya'yan itace da ganyaye da shayi. Wasu na tsimi ne, in kana da shakka ka tambayi yadda aka yi.

Sai ƙananan lomomi na maraba su fara zuwa, kyauta ce daga kicin, sannan burodi da bota. Kada ka cika ciki da burodin nan ko da ya yi daɗi. Faranti na farko zai ba ka dariya, abu kamar loma uku a tsakiyar fili, amma biyar ko bakwai ne ke tafe, kuma zaman zai ci awa uku. Cokula da wuƙaƙe daga na waje ake farawa a shigo ciki. Mai hidima zai tsaya ya faɗi abin da ke kowane faranti da inda aka samo shi. Nan ne damarka ta sake tabbatarwa, ba kuma za a ji haushi ba, mutane ne masu son magana kai tsaye. Yaji kuwa kada ka sa rai. Ɗanɗanon a bota yake da tsami da gishirin teku da hayaƙi. Za ka ji kanumfari da kirfa jefi-jefi, gadon kamfanin cinikinsu na gabashin duniya da aka kafa a 1602, wanda ya tara dukiyar kayan ƙamshi da bakin bindiga a tsibiran Indunusiya. Ni ban ga laifin ɗan ƙullin yaji a jaka ba, amma ka ɗanɗana tukuna.

A kayan zaƙi, in ka ga hangop ka karɓa. Kindirmo ne da aka tsane a ƙyalle har ya yi kauri, a sa masa 'ya'yan itacen lokacin. A Limburg kuma vlaai, wani faffaɗan kek mai 'ya'yan itace a sama.

Mataki na biyar: biya da fita

Ba za a kawo maka takardar kuɗi ba sai ka nema, don a wajensu kawo ta ba a tambaya ba kamar kora ce. Ka ce de rekening, alstublieft. Da kati ake biya kusan ko'ina, wasu ma ba sa karɓar tsabar kuɗi sam, saboda haka ka tabbata katinka yana aiki a waje kafin ka zauna. Ladan hidima yana cikin farashi. Tukwici ganin dama ne, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 in ka ji daɗi, kuma sai ka faɗi jimillar da kake so a cira kafin a miƙo maka na'urar.

In ɗan ƙasar ne ya ce ku je ku ci abinci, kada ka ɗauka shi zai biya. Kowa nasa yake biya, wani ma washegari zai turo maka saƙon Tikkie, manhajar neman biyan kuɗi, a waya yana neman rabonka har da 'yan santi. Ba rowa ba ce a wajensu. In kai ne kake son ɗaukar nauyi irin namu, ka faɗa tun kafin a zauna, in ba haka ba za ku yi ta ja-in-ja a gaban mai hidima.

In a wani gari ka ci, ka duba lokacin jirgin ƙarshe tun da rana. Daga Maastricht zuwa Amstadam kusan awa biyu da rabi ne, gara ka kwana a can. Da ka fito ƙofa kuma ka dubi ƙasa kafin ka taka: jan daɓen nan da ke gefen titi hanyar masu keke ce, kuma ba sa tsayawa.